Daga Hatimin Waziri Zuwa Kan Imel: Tarihin Layukan da Ke Saman Saƙo

Mutanen Riko da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya sun san cewa motar kaya ba da mai kaɗai take tsallaka iyaka ba, har da takarda. Daga ofishin kwastan na Magama zuwa na duwan da ke Ɗan Isa a kan hanyar Maraɗi, jami'in da aka miƙa wa takarda ba ya farawa da ƙirga buhuna. Sama yake fara dubawa: wa ya aiko, wa zai karɓa, ran nawa ga wata aka rubuta, mece ce lambarta, wane ofishi ya buga mata tambari. In saman ya yi daidai, a sauko kan kaya. In bai yi ba, direba ya nemi inuwa ya zauna.

Yau babban kaso na wannan aiki ya koma cikin waya da kwamfuta. Rasit ya zama fayil, wasiƙa ta zama imel. Amma waɗancan layuka na sama suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi. Masu rubuta manhaja suna ce musu kan saƙo ko kan fayil, kuma kullum cikin rubuta su da gyara su suke. Wanda ya bi diddigin waɗannan layuka zai ga tambaya ɗaya ce ake ta fama da ita tun zamanin tawada da alƙalamin kara: ta yaya mai karɓa zai gaskata cewa saƙo ya fito daga inda ya ce ya fito?

Zamanin hatimi da manzo

Tambayar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Malaman hadisi sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, an gaya masa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa. Wannan al'ada ta hatimi ita ce ta iso ƙasar Hausa da Barno, ta zauna a fadoji.

Wasiƙun Daular Sakkwato na ƙarni na 19 suna da tsarin da kowane magatakarda ya haddace. Ana buɗewa da sunan Allah da godiya da salati, sai a ce daga wane zuwa ga wane, kowa da sarautarsa da laƙubbansa, sai gaisuwa, sannan a zo kalmar da ke raba gabatarwa da ainihin magana. Wasiƙar babban mai mulki takan ɗauki hatiminsa. Kuma ba kai tsaye take faɗawa hannun Sarkin Musulmi ba, kowace masarauta da ƙofarta. Kano da Zazzau ta hannun Waziri suke bi, Katsina ta hannun Galadima. Manzon da ya kawo takardar shi ma sananne ne a fada, sau da yawa da sauran bayani a bakinsa. Ke nan shaida uku ce ke tafiya tare: tsarin rubutun, hatimi, da fuskar wanda ya kawo.

Abin da yawancin wasiƙun suka rasa shi ne kwanan wata. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a Legas a 1927. Har yau masu nazarin irin waɗannan takardu sai sun bi ta sunan sarki da abin da ya faru kafin su kintaci shekara. A lokacin babu damuwa, domin manzo ya san ranar da ya taso. Bayan manzo ya mutu ne giɓin ya fito.

Akwai wasiƙa guda da ta nuna nauyin wannan lamari. Lugard, jagoran Turawan Ingila a Arewa, ya ce a 1902 ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, kuma ya kafa hujja da ita wajen kai hari Kano da Sakkwato. Fassarar Turanci ce ta yaɗu, ainihin takardar Larabcin ba a same ta ba. Shi ya sa masu bincike irin su D. J. M. Muffett suka yi shakkar ingancinta. Da takardar tana nan da hatiminta da hannun marubucinta, da an yanke gardamar tuntuni.

Iyaka, gidan waya da lambar fayil

Ita kanta iyakar Jibiya takarda ce ta haife ta. Rabuwar Katsina da Maraɗi ta samo asali tun bayan jihadi, lokacin da sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa gari, amma layin da ake tsayawa a nuna takarda sai bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da kuma aikin jami'ansu Tilho da O'Shee waɗanda suka bi daji suna kafa turaku daga 1906 zuwa 1908. Daga nan wasiƙar da ɗan'uwa zai aika wa ɗan'uwansa a Maraɗi ta zama wasiƙar ƙasar waje.

Mulkin mallaka ya zo da nasa salon. Wasiƙar ofis dole ta ɗauki kwanan wata da lambar fayil a sama, amsarta kuma ta ambaci wannan lamba, don magatakarda ya san jakar da zai sa ta. Gidan waya ya kawo ambulan da kan sarki da tambarin da ke nuna gari da rana. Wayar tangaraho kuwa kafin a fara buga kalmomin saƙo sai an aika ofishin da ya fito da lambarsa da lokaci da adadin kalmomi, don mai karɓa ya ƙirga ya ga ko wata ta faɗi a hanya. Yaran makaranta suka koyi sa adireshi da kwanan wata a kusurwar dama kafin su kai ga gaisuwa mai yawa da fatan alheri. A nan aka raba abu biyu da za su dawo a imel: abin da ke bayan ambulan na ma'aikacin gidan waya ne, abin da ke saman takardar ciki na mai karatu ne, kuma babu wanda ke duba ko sun yi daidai da juna.

Yadda imel ya sami kai

A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson, a kamfanin BBN na Amurka, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, kakar intanet, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa. Nan da nan kowace jami'a ta ƙirƙiro nata salon rubuta saman saƙo, manhajar wannan ta kasa karanta na waccan. A 1973 aka fitar da takardar ƙa'ida ta farko kan lamarin, RFC 561, aka sake wata a 1977, bayan doguwar jayayya kan layuka nawa ya kamata a sa. A watan Agustan 1982 David Crocker ya fitar da RFC 822 kan siffar saƙo, Jon Postel kuma ya fitar da RFC 821 kan yadda kwamfutoci za su riƙa miƙa shi. An sabunta su a 2001 da 2008, amma ginshiƙin bai motsa ba.

Tsarin mai sauƙi ne ƙwarai. Kowane layi yana da suna, sai ɗigo biyu, sai bayani. From na mai aikawa, To na mai karɓa, Subject na batun saƙo, Date na lokaci, Message-ID kuma lamba ce da babu saƙon da ya kamata ya yi tarayya da wani a kanta, jikar lambar fayil ta ofishin En'e. Biyu kaɗai ne wajibi, mai aikawa da lokaci. Layi ba ya wuce haruffa 998, an kuma fi so kada ya haura 78. Abin da ke raba kai da gangar jiki layi ɗaya ne fanko. Da manhaja ta ci karo da shi, ta san kai ya ƙare.

Layin da ya fi kowanne amfani ga mai bincike shi ne Received. Duk kwamfutar da saƙo ya ratsa sai ta ɗora nata a sama, da sunanta da na wadda ta miƙo mata da lokaci. Kamar motar da ta taso daga Maraɗi ce kowane shinge yana buga wa takardarta tambari har ta iso Katsina, sai dai a nan sabon tambari a saman tsoho yake hawa, don haka daga ƙasa ake karantawa zuwa sama. Wanda ya iya karatun zai ga inda saƙo ya kwana da inda ya yi saurin wucewa. Layin lokaci kuma yana ƙarewa da +0100 ga saƙon da aka rubuta a Jibiya ko Maraɗi, domin agogonsu ɗaya ne.

Waɗanda suka tsara wannan duka sun san juna, malaman jami'a ne da injiniyoyi 'yan ƙalilan. Saboda haka ba su sa wani abin da zai tabbatar da layin mai aikawa ba. Abin da mutum ya rubuta a wurin, shi ake nunawa. Tun a watan Mayun 1978 aka ga alamar abin da ke tafe, lokacin da wani ɗan tallan kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya aika talla ga mutum wajen 400 a lokaci guda. Adireshin sun yi wa layin masu karɓa yawa har suka malala cikin jikin saƙon.

Haruffa masu ƙugiya a bakin ƙofa

Ƙa'idar 1982 ta ginu ne a kan ASCII, jerin alamomi 128 da aka yi wa Turancin Amurka. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, haruffan da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 a zamanin Rupert East a Zariya, suka kuma shiga gidaje ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Babu ma wasulan Faransanci masu alama da ake aiki da su a ofisoshin Maraɗi.

Mafita ta zo a 1992. Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, wanda ya ƙara layukan da ke faɗin nau'in abin da ke cikin saƙo, ko rubutu ne ko hoto ko takarda, da irin jerin haruffan da aka yi amfani da shi. Keith Moore ya tsara dabarar cusa baƙon harafi a cikin kai. A shekarar ce kuma Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, wanda ke bai wa kowane harafin Unicode lambobinsa.

Ga yadda abin yake a ido. In ɗan kasuwa ya rubuta “Kuɗin kaya” a matsayin batun saƙo, abin da ke bin waya shi ne =?UTF-8?Q?Ku=C9=97in_kaya?=. Waccan C9 da 97 su ne ɗ. Manhajar mai karɓa ce ke warware ƙullin ta mayar da harafin. In kuma aka yi kuskure wajen faɗin jerin haruffan, aka karanta lambobin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai “kuɗi” ya fito “kuÉ—i”, “ƙasa” ta fito “Æ™asa”. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa ganin wannan tarkace. Rubutun lafiyarsa lau, kan ne ya yi ƙarya game da shi. Sai a 2012 ƙa'idar RFC 6532 ta halatta sa UTF-8 kai tsaye a kan saƙo, kuma har yanzu ba duk kwamfutoci ne suka karɓa ba.

A bakin iyaka akwai ƙarin ƙulli. Najeriya na rubuta 'y, ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 kuma na rubuta ƴ. A wurin mai karatu suna ɗaya ne, a wurin kwamfuta suna biyu ne, kuma wanda ya nemi ɗaya a rumbun bayanai ba zai ga ɗayan ba sai mai manhaja ya yi tanadin haka.

Fayil ma da kansa

Ba imel kaɗai ke da kai ba. Kusan kowane fayil yana buɗewa da 'yan lambobin da ke faɗin ko shi wane ne. Takardar PDF da %PDF take farawa. Hoton JPEG da FF D8 FF. Fayil ɗin ZIP da PK, harufan sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro shi, kuma takardun Word na zamani su ma ZIP ne a ciki. Manhajar Windows da MZ take farawa, harufan Mark Zbikowski. Don haka in aka turo wa ejan ɗin fiton kaya wani abu mai suna rasit, amma farkonsa MZ ne, ba rasit ba ne, manhaja ce ke jiran a taɓa ta. Suna ana sauya shi cikin daƙiƙa, shi ya sa ƙwararren mai manhaja kai yake dubawa.

Hoto kuma yana ɗauke da bayanan EXIF: irin wayar da ta ɗauka, rana da lokaci, wani sa'in har da wurin da aka tsaya. A yankin da ke fama da matsalar tsaro wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma goge irin waɗannan bayanai kafin wallafa hoto na daga cikin gyaran kai mafi amfani. Wani gyaran kuma na lambobi uku ne kacal, EF BB BF. In aka sa su a farkon jadawalin CSV, Excel zai gane UTF-8 ne. In babu su, Ɗanladi na iya fitowa “ÆŠanladi” a jerin albashi.

Takardar kwastan ita ma wannan hanya ta bi. Tsarin ASYCUDA, wanda hukumar UNCTAD ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 bisa roƙon ECOWAS, wanda a Nijar ake kira SYDONIA, ya raba takardar bayyana kaya gida biyu: sashen sama na mai kaya da ejan da ofishi da abin hawa, sai sashen kayan ɗaya bayan ɗaya. Najeriya ta yi shekaru tana aiki da shi kafin ta koma nata tsarin.

Dawowar hatimi

Najeriya ta sami sunan yankinta na .ng a 1995, wayar salula ta GSM ta iso a 2001, shagunan intanet suka cika birane. Tare da su zambar da aka fi sani da 419 ta bar ambulan da fas ta koma imel. Lambar ta sashe ce a kundin laifuffuka na Kudu, amma tabon ya shafi ƙasar duka. An kafa EFCC a 2003, Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta buɗe wa bayanan kwamfuta ƙofar kotu, Dokar Laifukan Intanet ta biyo baya a 2015. Kan imel ya zama abin da lauyoyi ke gardama a kansa.

Masu fasaha su ma suka koma ga tsohuwar dabara. SPF, wanda aka wallafa a 2006, yana bai wa mai sunan yanki damar shelanta kwamfutocin da ya yarda su aika saƙo da sunansa. DKIM na 2007 hatimi ne na lissafi: kwamfutar mai aikawa tana sa hannu a kan zaɓaɓɓun layukan kai da jikin saƙo da mabuɗin sirri, kowa kuma na iya tantancewa da mabuɗin da aka bayyana. DMARC, da ya fito a 2012, shi ya toshe giɓin da aka gada daga gidan waya, domin yana tilasta sunan da mai karatu ke gani ya dace da wanda aka tantance, yana kuma faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan ga masu aika saƙo da yawa, wanda a ma'aunin Google ya kama daga 5,000 a rana.

Wannan ya sauya aikin mai rubuta manhaja. A da yana iya ƙara kalma a batun saƙon da ke wucewa ta hannunsa ba wanda ya sani. Yanzu harafi ɗaya ya taɓa a layin da aka sa wa hannu, hatimi ya karye, saƙo na iya faɗawa kwandon shara. Akwai kuma tsohon kuskuren da har yanzu sababbin hannu ke yi: su ɗauki abin da baƙo ya rubuta a fom su zuba shi kai tsaye cikin kan saƙo. Mugu sai ya cusa alamar sabon layi, ya ƙara nasa layin Bcc, na masu karɓa a ɓoye, da ɗaruruwan adireshi, shafin makaranta ko na asibiti ya zama injin aika zamba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin shi ne a tace alamar sabon layi, a kuma bar gina kai ga ingantattun kayan aikin da harsunan manhaja irin su Python suka tanada.

Duk da haka hatimi yana da iyaka. Obinwanne Okeke, wanda wata kotun Amurka ta ɗaure shekara 10 a Fabrairun 2021 kan zambar kusan dala miliyan 11, bai buƙaci ƙirƙirar kan saƙo na bogi ba. An yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac ya ba da kalmar sirrinsa, daga nan umarnin biyan kuɗi suka riƙa fita daga akwatinsa na gaskiya. Wasu kuma sunan yanki suke saya mai kama da na gaske, bambancin harafi ɗaya, su yi masa hatimi mai kyau. Wasu su bar komai yadda yake, su sauya layin Reply-To kawai, amsa ta tafi wani wuri.

Ga ɗan kasuwar da ke hulɗa tsakanin Katsina da Maraɗi da Kwatano, darasin a fili yake. Yawancin manhajojin imel suna da wurin nuna asalin saƙo da cikakken kansa, kuma koyon duba layuka uku ko huɗu ba ya ɗaukar yini. Ga hukumomi da makarantu da kamfanoninmu kuwa, wanda ke aika takardar hukuma daga akwatin kyauta, ko ya mallaki sunan yanki bai kafa masa SPF da DKIM da DMARC ba, ya bar sunansa ga duk mai so ya ara. Sai dai ko an yi duk wannan, kashi biyu cikin shaidun fadar Sakkwato aka dawo da su, tsarin rubutu da hatimi. Na ukun, sanin wanda ya kawo saƙo, babu lissafin da ya maye gurbinsa tukuna. Shi ya sa in imel ya zo yana cewa an sauya lambar asusun da za a biya kuɗin kaya, komai kyan kansa, a ɗauki waya a kira mutumin a lambar da aka san shi da ita tun da, a ji muryarsa, sannan a tura kuɗi.